DARE ƊAYA A NEW YORK, DA MAGANAR WAƘAR NA'URA

Kwanakin nan muhawara ta yi zafi kan waƙoƙin da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa. Ka rubuta mata layi biyu, kafin shayinka ya huce ta miƙo maka waƙa da kiɗinta da amshinta. Wasu na cewa zamanin makaɗa ya wuce ke nan. Ni dai ina da ja, kuma hujjata wani faifai ne na 2006. Na san a cikin abokaina akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, ina girmama matsayinsu. Maganar tawa ta fi karkata ga aiki da masu yin sa.

Sunan faifan Score, na ƙungiyar Dream Theater ta Amurka. Ɗalibai uku ne suka kafa ta a 1985 a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston: John Petrucci mai gita, John Myung mai gitar bes, da Mike Portnoy mai ganguna. Kiɗansu metal ne, wato mai ƙara da nauyi, amma reshen da ake tsawaita waƙa a yi ta sauya mata taki. Suna da wani kiɗa, The Dance of Eternity, da ma'aunin bugunsa ke canzawa fiye da sau 100 cikin minti shida da 'yan kai. In ka ce za ka bi shi da tafi, wallahi sai ka ɓata a hanya.

Ranar 1 ga Afrilu, 2006 suka rufe rangadin cikarsu shekara 20 a zauren Radio City da ke New York, mai cin mutum kusan 6,000. Sunan faifan ma harshen damo ne, domin a Turanci kalmar tana nufin ashirin, tana kuma nufin takardar da aka rubuta kiɗa a kai. A zagayen farko su biyar kaɗai suka yi wasa, suka bi tarihinsu tun daga waƙar da suka yi suna ɗalibai. A zagaye na biyu sai ga tawagar okestira zaune a bayansu, masu goge irin na Turawa manya da ƙanana da masu bushe-bushe, ƙarƙashin sandar Jamshied Sharifi.

Ga inda nake so mu tsaya. Mai fiyanon ƙungiyar, Jordan Rudess, ya shiga makarantar Juilliard yana ɗan shekara 9. Da yatsunsa goma yana iya fitar da sautin goge da ƙaho da sarewa daga na'ura. A faifan situdiyo na 2002, shi ya kwaikwayi okestira a mabuɗin Six Degrees of Inner Turbulence, waƙa mai tsawon minti 42. Ke nan ba su rasa hanya mai sauƙi da arha ba. Amma da daren tarihi ya zo, mutane suka ɗauko, aka rubuta wa kowa nasa kason a takarda, aka bar musu mabuɗin su kaɗa shi su kaɗai.

Shin sun fi na'urar daidai? A kunnena, a'a. Akwai wuraren da gogen ba su hau layi ɗaya cif-cif ba. Sai dai wannan ɗan ɗingishin shi ne shaidar cewa mai rai ne ke jan igiyar, a gaban dubban mutane, kuma babu damar cewa a tsaya a sake. Haɗa ganguna da gitar lantarki da goge na katako a dandali guda ba wasa ba ne, ai ƙarar ganga kaɗai ta isa ta haɗiye goge goma. Dole mai ƙarfi ya rage hannu, dole mai sanda ya bi mai ganga a kiɗan da takinsa ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san wuyar sa mutum biyar su tafi tare, balle gommai.

Sannan ga nauyin abin da ake rerawa. Six Degrees labarin mutum shida ne masu fama da larurorin ƙwaƙwalwa, ciki har da tsohon soja da yaƙi ya ƙi barin kansa. A wannan dare kuma suka yi Sacrificed Sons, kan harin 11 ga Satumba, 2001, a cikin garin da abin ya faru. Akwai wani tsautsayi a tarihinsu: faifansu Live Scenes from New York ya fito ne a ranar harin daidai, da zanen gine-ginen birnin cikin harshen wuta a bangonsa, dole aka janye shi aka sauya zanen. Mawaƙinsu James LaBrie kuwa ya ji rauni a maƙogwaro a 1994 sakamakon gurɓataccen abinci, ya yi shekaru kafin muryar ta dawo. In ka san duk wannan, ka gan shi tsaye yana ɗaga murya, abin da kake ji ya wuce sauti. Na'ura za ta iya ba ka makamancin muryar. Ba ta taɓa rasa murya ba, ba ta san fargabar ranar da za ta dawo ba.

Amfani na biyu shi ne ajiya. A 1969 Deep Purple suka yi irin wannan haɗaka a Royal Albert Hall na Landan, da kiɗan da Jon Lord ya rubuta. Bayan shekara guda takardun suka ɓata. Shekaru da dama babu mai iya sake kaɗa shi, sai da wani ɗan ƙasar Holan, Marco de Goeij, ya zauna yana sauraron faifan yana kallon bidiyon, ya sake rubuta shi, aka maimaita wasan a 1999. Mu ma'aikata mun san ƙa'idar: abin da bai shiga fayil ba, tamkar ba a yi shi ba ne. Su ma Dream Theater, Portnoy ya bar su a 2010, bai dawo ba sai 2023. Da ba a naɗi daren 2006 ba, da sai dai a ba mu labari.

A nan ne abin ya taɓo mu. Tun kafin ƙirƙirarriyar basira, fiyano ya riga ya karɓe gurbin kalangu da kukuma da gurmi a yawancin situdiyoyinmu. Ba na zagin mai fiyano, shi ma abinci yake nema, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Amma ku tuna yadda marigayi Mamman Shata ke tsayawa da makaɗan kalangunsa da 'yan amshi, kowa na karanta numfashin ɗan'uwansa. Wannan ilimi a hannu yake da kunne, ba a rubuce yake ba. Ranar da mai shi ya kwanta dama, ya tafi da abinsa.

Don haka kirana ga masu shirya biki da masu gidajen rediyo da talabijin da hukumomin al'adu: a kira makaɗa masu rai, a biya su haƙƙinsu yadda ya kamata, a naɗi wasan da sauti mai kyau da hoto, a rubuta sunan kowa har da mai ƙaramin kalangu, a adana a wuri fiye da ɗaya. Yau waya mai kyau da makirfo biyu sun isa a fara.

Wanda ke da hali ya nemi Score ya kalli Octavarium. Ko kiɗan bai yi maka ba, dubi idanun masu gogen yadda suke bin sanda. Sannan ku faɗa min, a garinku wane makaɗi ne ya rage da har yanzu ba a naɗe shi ba?

Allah Ya sa mu dace.