Maganin da Ba Ya Kashe Zogi

A wajenmu magani abokin tafiyar ciwo ne, in ciwo ya tafi shi ma sai a sallame shi. Ga ciwon kai wannan ba laifi ba ne, amma ga tsohon da ya karye ɓarnar babba ce.

Shekarun da na yi ina gabatar da shirin lafiya a wani gidan rediyo a Maraɗi sun sa na haddace zancen. Mai kira zai ce gyatumarsa ta zame a banɗaki, ƙugu ko wuyan hannu ya karye, an ɗora, likita ya rubuta ƙwayoyin kalsiyam da bitamin D. In na tambaya ko tana sha, sai in ji: "Ai ta samu sauƙi, mun bari."

Faɗuwar da yaro zai tashi ya kaɗe riga, in ta karya tsohuwa, to ƙashin ya daɗe da zaizayewa, musamman ga macen da ta daina al'ada. Kalsiyam shi ne tubalin ƙashi, bitamin D kuwa shi ke sa hanji ya tsotse shi daga abinci. Fata ke haɗa bitamin ɗin in rana ta taɓa ta, sai dai fatar tsoho ba ta haɗawa kamar ta saurayi. Ga shi mai karaya kan yi wata 2 ko 3 a kwance. Rana na gasa gari, amma ba ta leƙa ɗakin Inna.

Ban ga laifin tsofaffin ba. Ƙwayar ba ta kashe zogi, ƙatuwa ce mai wuyar haɗiya, wani sa'in tana ɗaure ciki. In ta ƙare kuma, kara ba ta barin uwa ta ce a sayo, tana kallon ɗanta na fafutukar kuɗin hatsi.

Da kakata ta karye, jika guda muka ɗora wa aikin. Ita ke miƙa ƙwayar tare da tuwon dare, ta fito da ita hantsi, ta tabbatar ba a rasa nono a furarta da zogale a kwanonta ba. In saura kaɗan, ita ke faɗa mana. Aikin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa.

Wanda ya karye sau ɗaya ya fi kowa kusa da karaya ta biyu, kuma ta ƙugu kan kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwa. Ranar daina shan maganin nan likita ke faɗin ta, ba zogi ba.