GYARAN IYAKWANDISHAN A TSOHUWAR FIJO

Duk wanda ya san Madobi da Kura da Bunkure ya san ƙasar noman rani ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen yankin suka duƙufa ga noman shinkafa da alkama da tumatir. Amma duk da ruwan nan, in watan Afrilu ya kama, zafi ba ya ragawa kowa, balle tsoho ko majinyaci.

A gidanmu akwai wata tsohuwar Fijo 504 ta Baffana. Irinta ce aka riƙa haɗawa a Kaduna, a 1975 kuma irinta ta ci tseren Safari a Kenya. Da ita ake kai kakarmu asibiti Kano duk mako biyu. Iyakwandishan ɗinta ya daina sanyi, ga shi in an sauke gilashi ƙura ta tayar mata da tari. Sau uku ana kai motar wurin wani mai gyara, ya ƙara gas, a biya, bayan kwana goma sanyi ya ɗauke.

Da na zo hutu sai Baffa ya aike ni da direba garejin Kawuna, wanda ke gyaran motoci da injinan ban-ruwa. Kawu ya buɗe bonet, ya ce, "Ɗan nan, me aka koya muku game da sanyi?" Na ce, "Kawu, an ce ruwa in zai zama tururi sai ya zuƙi zafi, shi ya sa ruwan randa yake sanyi." Ya ce, "Madalla, ka san rabin aikin."

Ga yadda ya bayyana mini. Kwamfaresa, watau abin da bel ke juyawa, ita ke matse gas har ya yi zafi. Daga nan ya shiga kwandensa a gaban lagireto, iska ta huce shi ya zama ruwa. Sa'an nan ya bi ta diraya mai tsotse danshi, ya fita ta wata 'yar ƙaramar kafa zuwa bututun da ke cikin mota. Nan yake komawa tururi, ya kwashe zafin ciki, fanka ta huro sanyi. Ya ce ruwan da injin ban-ruwa ya tura gona ba ya dawowa, amma gas zagayawa yake yi, ba ya ƙarewa. Saboda haka in ya ragu, akwai inda yake yoyo, ƙara shi kuwa zuba ruwa ne a kwando.

Ya sa na kaɗa ruwan sabulu, muka bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya muna shafawa. A ta huɗu sai kumfa ta taso, ashe robar wurin ce ta bushe ta tsage. Kwandensa kuma ta toshe da ƙura da ƙaiƙayin shinkafa, na wanke ta a hankali don kada haƙarƙarinta su lanƙwashe.

Babbar matsala tana gaba. An ƙera motar don gas mai suna R12. A 1985 masana suka gano cewa rufin ozon, mai kare mu daga mugun hasken rana, ya zaizaye, irin wannan gas kuwa yana cikin masu cinye shi. Sai ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don a daina yin sa, motoci suka koma R134a. To, man da ke tafiya da tsohon gas ba ya gauraya da sabon. An yi ta ɗura sabo a kan tsohon mai, saura kaɗan kwamfaresa ta ƙone.

Direba ya ce, "Oga, a ƙara gas kawai mu tafi, jibi ne ranar asibiti." Kawu ya ce, "Araha ba ta ado. In ta ƙone a hanya da Hajiya a ciki fa?" Washegari da sassafe muka je Ƙofar Ruwa, muka sayo diraya da robobi da man da ya dace. Ya wanke bututun, ya ɗaura, ya sa inji ya zuƙe iskar ciki fiye da rabin awa, domin ɗigon ruwa ɗaya kan daskare ya toshe 'yar kafar nan. Kana ya auna gas a sikeli ya ɗura. Kafin la'asar sanyi ya kankama, har yau kuwa bai ɗauke ba.

Ga iyayenmu masu tsofaffin motoci, shawarar Kawu ita ce a riƙa kunna iyakwandishan minti goma duk mako, ko da lokacin hunturu ne, don mai ya zagaya robobi kada su bushe. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, kada mu raina darasin kimiyya, kada kuma mu raina mai baƙin mai a hannu. Ni dai na ƙudura niyyar karanta aikin injiniya. Allah ya taimake mu, amin.