Darasi Daga Ƙarƙashin A-kori-kura

Kowane ɗalibin makarantar kwana ya san amfanin a-kori-kura. Ita ke kawo buhunan masara da wake daga kasuwa, ita ke jigilar itacen girki, ita ce kuma ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa sunkuyawa su ga abin da ke ɗauke da wannan nauyi duka. A hutun da ya wuce na roƙi Baba direba ya bar ni in taya shi aiki, ina so kuwa in ba 'yan'uwana labarin abin da na koya.

A bayan motar akwai sifirin guda 2, ɗaya a kowane gefe. Kowane sifirin faifan ƙarfe ne dogaye da aka jera bisa juna, aka ɗaure su a kan aksul. Wannan dabara ta girmi mota kanta, gama tun a shekarar 1804 wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irin nasa. Har yau Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, tana da shi a baya, haka ma a-kori-kura ta Peugeot 504 da iyayenmu suka sani.

Faifan da ya fi tsawo an naɗe bakinsa biyu kamar zobe. Zoben gaba yana haɗe da jikin mota, na baya kuwa yana rataye a kan ɗan ƙarfe mai lilo, domin idan kaya ya danne sifirin yakan miƙe ya ƙara tsawo. A cikin kowane zobe akwai wani ɗan abu da makanikai ke kira bushin, shi ne ke tsakanin zoben da kusar da ta ratsa shi. Tsawonsa bai fi yatsa ba, amma in ya cinye, ƙarfe zai riƙa cin ƙarfe.

Da na ɗauko galan na baƙin man inji, sai na tambaya, "Baba, ko wannan za mu zuba?" Ya ce, "A'a ɗana, duba bushin tukuna ka san irinsa." Ya bayyana mini cewa iri 3 ne. Na roba ba ya son giris ko man inji, gama mai yakan kumbura roba ya ruɓar da ita. In yana kuka, sai a wanke shi a fesa masa man silikon. Na roba mai tauri, wato foliyuretan, yana son giris na silikon. Na tagulla kuwa, wanda aka fi samu a motocin kaya, yana da ɗan bakin ƙarfe inda ake ɗura giris na mota. Namu irin na ƙarshen ne, gama an sauya su shekarun baya.

Ga yadda muka yi. Muka tsayar da motar a wuri mai laushi ɗaya ba gangare ba, muka ja birkin hannu, muka tokare tayoyin gaba da duwatsu. Baba ya ɗaga jikin motar da jak domin nauyi ya sauka daga kan kusoshin, giris ya sami hanya. Bai bar ni na shiga ƙarƙashi ba sai da ya kafa matokaran ƙarfe, ya ce jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Na share kowane baki da tsumma don kada ƙasa ta bi giris ta shiga. Sa'an nan muka yi ta matsa famfon giris har tsohon, baƙi mai yashi, ya fito, sabo ya biyo shi. Muka goge wanda ya zubo, gama giris da aka bari a waje ƙura yake tarawa.

A ƙasarmu wannan aiki ba na wasa ba ne. Ƙurar hunturu takan gauraya da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ruwan damina kuma ya wanke shi ya bar tsatsa. Alamar farko ita ce kuka, ƙiii-ƙiii, a kan gargada. Daga nan sai bugun ƙarfe, sai taya ta riƙa cinyewa gefe ɗaya, har motar ta fara tafiya a karkace. Idan kusar ta karye a hanya da dare, alhali ɗan'uwanmu yana kwance a baya da zazzaɓi, wa zai ce ƙaramin abu ne? Rigakafi ya fi magani.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mukan yi sha'awar injin mai ƙara da fenti mai ƙyalli, mu manta da abin da ke ɓoye. Haka yake a makaranta. Masu dafa abinci, masu gadi, masu shara da direbobi, su ne ke ɗauke da nauyinmu ba tare da an tafa musu ba. Mu gaishe su, mu kuma koyi sana'ar hannu daga wurinsu tun muna da zarafi. In kun ji motar makaranta ta fara kuka, kada ku yi dariya, ku gaya wa Baba direba.