Garwashi a Tafin Hannu

A damunar 2022, lokacin da ruwan Kogin Haɗeja ya shafe gonaki da ƙauyuka a yankin Auyo, na iske wata uwa a kan tudun da suka fake. Tana da gero a buhu, ga itacen da ta ceto, amma tun jiya ba ta ɗora tukunya ba: ashanarta ta jiƙe, maƙwabtan da aka saba ɗibar garwashi a wurinsu kuma sun watse. Na rubuta rahotona na koma gida, abin bai bar raina ba.

Ashana baƙuwa ce. Sai a 1827 wani mai haɗa magunguna a Ingila, John Walker, ya fara sayar da ita. Kakanninmu da ƙyastu suka rayu, ƙarfe da ƙanƙara da audugar rimi, ko su binne garwashi cikin toka ya kwana da rai. Kafin ƙarfe kuwa, itace ake murzawa a kan itace. Dabarar ɗaura wa sandar murzawa baka da tsirkiya ta daɗe ƙwarai, don har cikin kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922, an sami kayanta.

Da hunturu ya shigo na nemi wani tsohon masunci a Haɗeja. Shi da tafin hannu ya ga ana yi yana yaro, kuma ya yi wa bakana dariya, ya ce kayan ragwaye ne. Amma ya san itace. Ya jefar da icen maɗacin da na kawo, ya aike ni neman busasshiyar tumfafiya.

Kwana uku ina samun hayaƙi, babu wuta. Nan ne kuskuren kowane ɗan koyo, domin hayaƙi yana ruɗi. Abin da ake nema shi ne garin da sandar ke niƙewa daga allon, ya gangara cikin tsagar da aka yanka a gefen ramin, ya taru wuri guda har zafi ya kama shi. Idan garin ja-ja ne, murzawa ba ta kai ba. Sai ya yi baƙi, ya yi laushi. Ni kuwa da na ga hayaƙi sai in ɗaga sandar in leƙa, zafin ya tsere.

“Yaro, gaggawar me kake?” in ji shi. “In ka ga hayaƙi, lokacin aka fara.”

Na ce, “Baba, hannuna ya mutu.” Bai ko dube ni ba.

A rana ta huɗu garin ya ci gaba da hayaƙi bayan na tsaya. Ya juye shi cikin audugar kan kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwan fadamar bayan an gina madatsun Tiga da Challawa, wadda masunta ke tsine wa kullum, ya nannaɗe da busasshiyar ciyawa, ya miƙo mini in hura a hankali. Ta kama.

Na tambaye shi ko wannan da ya fisshe matar nan ta Auyo. Ya girgiza kai. A cikin laimar damuna tumfafiya ba ta ba da baƙin gari. Su a kan ruwa, ya ce, busasshen kandilo suke kunnawa a kasko, ya yi ta ci a hankali a gindin kwalekwale har su sauka.