Komawata Kan Keke Bayan Karaya

A ƙasarmu ta Isa da Sabon Birni, keke ya taɓa zama abin alfarma. Dattawan ma'aikata ba su manta da zamanin da En'e ta ke ba malamin makaranta bashin keke ba, ana cirewa daga albashinsa wata-wata. Raleigh ne sarkin kekuna a lokacin, har masana'antarsa aka kafa a Kano. Da kuɗin Udoji suka zo a 1975 sai ma'aikata suka koma babur, aka bar wa manoma da 'yan koli da yara keke. To, ga shi zamani ya juyo da mu. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta wuce 1,000. Mutane da yawa a nan Bafarawa suka kakkaɓe wa tsofaffin kekunansu ƙura, ni ma ina cikinsu, domin albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaukar mai da tuwo gaba ɗaya.

Ban daɗe da komawa kan sirdi ba Allah Ya jarrabe ni. Ruwan damina ya zaizaye hanyar gona ya bar rami, ciyawa ta rufe bakinsa, tayar gaba ta faɗa, na samu karaya a ƙashin ƙwaurina na dama. Maɗori ya ja ƙafar ya ɗaure ta da karan ɗori, daga baya aka kai ni birni aka ɗauki hoton ƙashi don a tabbatar bakin karayar ya haɗu daidai. Wanda duk ya ke da hali ina ba shi shawara ya yi hoton nan, domin hannun maɗori komai gwanintarsa ba ya gani cikin nama.

Wata uku na yi ƙafata ba ta ɗauki nauyina ba. A nan ne karatun zaure ya yi mini rana. Wajen alwala malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa idan wanke wurin zai cutar, sai a shafa bisa ɗorin, idan kuma aka kwance aka sāke ɗaurewa sai a sabunta shafar nan take, ranar da wuri ya warke kuwa a koma wanki. Wajen salla, littafin Ahalari da mu ka karanta muna yara ya jera hali bakwai na mai sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya gefen dama, da gefen hagu, da rigingine. Lokacin da mu ke haddace wannan jeri, wallahi na ɗauka zancen tsofaffi ne da masu jinyar ajali. Sai ga ni na bi matakan nan da kaina, daga ƙasa zuwa sama, kamar mai hawa tsani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ke tare da jerin: a cikin huɗun farko, wanda ya ke da ikon hali na sama ya yi salla a na ƙasa, sallarsa ta ɓaci. Watau rangwame yana da ranar ƙarewa, kuma ba liman ne zai zo ya gaya maka ta ƙare ba. Kai ne za ka riƙa gwada jikinka tsakaninka da Allah. Zama yana da daɗi, jama'a. Mutum ya saba da a shimfiɗa masa buzu, a kawo masa buta, a yi masa sannu, har ya fara jin tsayuwa ta yi masa nisa alhali ƙafar ta yarda. Na san dattawan da ciwonsu ya wuce da shekaru amma kujerarsu tana nan a gefen sahu. Ba na yanke wa kowa hukunci, ciwo na mai shi ne, amma ni dai na ji tsoron shiga cikinsu.

Ranar da aka kwance ɗorin ƙarshe na dubi ƙafar na kusa rashin gane ta. Sha-raɓa ta tsotse, cinya ta rame, idon sawu ya ƙage ba ya lanƙwasa. Maɗori ya ce, "Malam, ƙashi ya kama, amma nama bai sami labari ba tukuna." Likita kuma ya yi mini bayanin cewa tsokar da ba ta aiki ramewa ta ke yi, kuma keke yana cikin abubuwan da su ke mayar da ita, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin mutum, gwiwa da idon sawu suna motsi ba tare da suna dukan ƙasa ba. Sharaɗinsa shi ne in fara iya tafiya ba sanda, in ɗaga sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka, in kuma guji tudu da yashi da ɗaukar kaya a kariya. Ni kuwa na ƙara wa kaina ma'auni ɗaya: ba zan hau ba sai na iya sujada da zaman tahiya ba tare da na cije baki ba. Wannan ya ci wata guda cur.

Masu zuwa dubiya sun kasu. Wasu suka ce in sayar da keken, wai ba ya da sa'a, kamar ƙarfe ne ya haƙa ramin. Wasu suka ce in hau kawai, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Na farko camfi ne, na biyu kuwa gaskiya ce aka ɗora ba a wurinta ba, domin wanda ya rubuta karayar Shi ne ya sanya wa ƙashi kwanakin da zai ɗauka kafin ya haɗe. Akwai kuma masu cewa bai dace da mai furfura, ma'aikacin hukuma, a gan shi yana taka feda ba. Waɗannan ban ba su amsa ba, don babu wanda ya ce zai riƙa biya mini kuɗin kabu-kabu.

Na kai keken wurin mai gyara, ya miƙe gaban da ya lanƙwashe, ya sāke birki da sarƙa. Wata safiya bayan asuba na tura shi zuwa filin makaranta, ɗana yana biye. Na ɗora ƙafa a feda sai na ji gumi ya keto mini, hannuwana suna rawa a ƙaho, ni da na ke hawa keke tun ina ɗan shekara goma. Yaron ya riƙe kariya kamar yadda na taɓa riƙe masa. Na zagaya sau ɗaya, sau biyu, can sai na jiyo muryarsa daga nesa yana cewa, "Baba, ai tun ɗazu na saki!" Ban waiwaya ba, don kada ya ga idona.

Akwai wani tsoron kuma wanda ba na zuci ba ne kawai. Kowa ya san halin da ƙasar nan ta shiga da 'yan bindiga. A Satumba 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Ƙarar babura daga nesa takan sa ƙauye ya watse, keke kuwa ba ya firgita kowa, amma kuma ba ya tsere wa kowa, balle mai ƙafa ɗaya da rabi. Saboda haka ba na fita bayan gari sai rana ta ɗaga, sai na tambayi labarin hanya wurin waɗanda suka shigo, kuma sai da abokin tafiya.

Yanzu da shi na ke zuwa aiki, da masallacin Juma'a, da gonar da ke kusa. Inda yashi ya yi yawa sai in sauka in tura, inda ciyawa ta rufe hanya kuma haka. Ƙafar takan yi tsami idan hunturu ya shigo, sai in gasa ta da ruwan ɗumi kafin in kwanta. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ce ban gwada ba har yanzu. Na ce wa ɗana sai bayan girbi, idan hanya ta yi lafiya, mu tafi tare, shi da buhun gero a kariyarsa, ni da kaina kawai.