Ƙwallon ɗiyan kwaleji: daga Zariya zuwa Tibiri da Jiratawa

Ya ku manoma da makiyaya, Zariyar da za mu yi magana a kanta ba ta Zazzau ba ce, ta Najeriya. Unguwa ce cikin birnin Maraɗi, bisa tudu. Tsofaffi sun san labarin tudun nan. Ambaliyar shekarar 1945 ce ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, mutane suka kwashe kaya suka hau sama. Tun daga nan gari yake ta faɗi, ana yanka unguwa bayan unguwa. Zariya tana cikin waɗanda suka zo daga baya. Hanyoyinta miƙaƙƙu ne, rairayinta kuwa sai ƙafa ta nutse.

Cikin rairayin nan ne ɗiyan kwaleji suke buga ƙwallo, wadda wasu ke ce wa tamola. Ba ƙwallon da kuke ji a rediyo ba ce. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a biyan ɗan wasa. Aji ne yake karawa da aji, lakwal da lakwal. Kuma da yawa cikin masu bugawa ɗiyanku ne. Yaro ya gama firamare a ƙauye, an turo shi birni, an damƙa shi hannun kawu ko wani mai masauki. Shekara huɗu zai yi kafin jarrabawar fita kwaleji, wadda ake cewa BEPC.

Ana buɗe lakwal cikin watan Oktoba, amma ƙwallo ba ta kama sosai sai hatsi ya shiga rumbu. Kafin nan, ranar Asabar rabin ƴan wasa suna gida wajen yankan gero da roron wake. Sai sanyi ya sauka, cikin Disamba, sannan fili yake cika. Yara su yi karo-karo, dala biyar, dala goma, har kuɗin ƙwallo ɗaya su haɗu. Riguna na gwanjo ne, an rubuta lamba a baya da fenti. Mai takalmin roba shi ne mai arziki. Mushen wasanni shi ne mai koyarwa, shi ne mai ɗaurin rauni, wata rana ma shi ne alƙali.

Na bi ƙungiyar wata kwaleji ta Zariya zuwa wasanni biyu na waje, cikin Janairu da Fabrairu. Na fari a Tibiri ne.

Tibiri ba nisa, kamar kilomita 12 daga Maraɗi. Mun tafi cikin wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, yara goma sha shida a tsaye, da jarkar ruwa biyu. Hazo ya rufe gawo, iska tana yanka kunne. Garin nan shi ne mazaunin Sarkin Gobir. An kafa shi a 1836, bayan yaƙin Gawakuke, lokacin da Mayaƙi ya tara Gobirawan da suka watse. A zamanin nan Gobirawan Tibiri da Katsinawan Maraɗi tare suke fita yaƙi. Yau jikokinsu ne suke kai wa juna hari, amma da ƙafa.

Abin da ya ba ni mamaki a Tibiri shi ne ƴan kallo. Ba yara kaɗai ba ne. Dattawa masu zanen Gobir a kumatu sun shimfiɗa tabarma gindin bedi. Mata masu ƙosai sun aza kasko. Wani bafillace ya tsai da shanunsa nesa, ya jingina da sanda, bai gusa ba har aka tashi. Fili ba shi da layi sai wanda aka ja da toka. Raga kuwa itace uku ne, babu zare, saboda haka kowane ci sai an yi gardama a kansa. An tashi ɗaya da ɗaya. Mutanen Tibiri suka ce alƙali ya cuce su, namu ma suka ce haka. Daga baya aka kawo fura aka sha tare.

Jiratawa daban take. Tana kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa. Tun daga nesa ido yake ganin kore cikin tsakiyar rani. Gwamnati ta gyara fadamar a farkon shekarun 1980, fiye da eka 500, da rijiyoyin burtsatse da injuna masu turo ruwa cikin magudana. Ana noman alkama, da albasa, da tattasai, amma abin da ya fi kai sunan garin nesa shi ne zogale. Buhu-buhu ake lodawa zuwa kasuwar Maraɗi ta Litinin da Juma'a, har a wuce da shi gaba.

A nan noma ba ya hutu, saboda haka yaro ma ba ya hutu. Ƴan wasan Jiratawa sun shigo fili da taɓo a ƙafa. Wasu daga ban ruwa suka fito. Ba su da yanga irin ta ɗiyan birni, amma ba su gajiya. Sun ci namu biyu da nema, kuma da gaskiya suka ci.

Bayan wasa wani dattijo ya kira ni gefe. Ɗansa ne mai tsaron gida na Jiratawa, yana ajin ƙarshe. Ya ce: «Malam, kai da kake koya wa manya karatu, gaya mini. Lakwal ta ɗauke mini shi da safe, ƙwallo ta ɗauke shi da marece. Wa zai yanke mini zogale?» Na ce: «Baba, maganarka tana bisa hanya. Amma ina sa'o'insa da suka shiga kwaleji tare?» Ya ƙirga da yatsa. Wannan ya tafi Kano, wannan yana kabu-kabu a Maraɗi, wannan an ce ya kama hanyar Agadas. Nasa ne ya rage, da wasu ƙalilan. Mushensu yana da doka: wanda ya yi fashin aji cikin mako, ba ya saka riga ranar wasa. Yaron nan kuwa ya fi son a hana shi tuwo da a ba wani raga tasa. Dattijo bai ce ya yarda ba. Ya dai ce zai bar shi har jarrabawa.

A ganina nan ne amfanin wannan ƙaramar ƙwallo yake. Yaron ƙauye a birni maraya ne ko da iyayensa suna raye. Yana kwana zaure, yana zuwa aji da yunwa. Cikin ƙungiya ne yake samun wanda zai tambaya ina yake in bai zo ba. In kuna da ɗa a irin wannan zama, ku riƙa aika wa mai masaukinsa ko da tiya biyu ta hatsi. Ba a gudun minti sittin da cikin wofi.

Kada kuma a ruɗi yara da mafarki. Gaskiya ne Maraɗi ta taɓa ɗaukar kofin zakarun ƙasa, lokacin da Jangwarzo ta ci a 1983. Gaskiya ne a watan Fabrairu na 2019 an buga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi, Mali ta tafi da kofi. Yaran Zariya da suka kalla ba su manta ba. Amma masu kai wa can kaɗan ne ƙwarai. Ko a Amurka, inda manyan makarantu suke da gasa mataki uku tun 1973, ɗan wasan mataki na uku ba a ɗaukar masa kuɗin karatu saboda wasa. Ɗalibi ne tukuna. A nan ƙasarmu ma kokowa ta fi ƙwallo jan jama'ar karkara, tun ranar da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, a 1975.

Daga Maris zafi yake shigowa. Rairayin Zariya ya koma kamar toka mai wuta, ba a taɓa ƙwallo sai bayan la'asar sakaliya. Ƴan ajin ƙarshe su fara janyewa ɗaya-ɗaya, da dare ka gan su ƙarƙashin fitilar bakin titi da takardunsu. Ƙanana su karɓi rigunan, sun yi musu yawa. Ƙungiyar da na bi ta buga wasanta na ƙarshe cikin Afrilu, da maƙwabtanta na cikin unguwa, aka tashi babu ci. Mushe ya tara riguna ya ƙirga, ɗaya ta ɓata. Ya sace iskar ƙwallo, ya kulle ta cikin akwatin darakta sai Oktoba. Da ruwan fari ya sauka, ɗiyan ƙauye suka kama hanyar gida wajen shuka.