Kafin a ce wa kwamfuta "to"

Na yi shekaru ina rubuta takardun buro, na kuma ga yadda kalma guda ke ɗaure mutum. Amma ban taɓa zaton zan zauna gindin bedi a Guna ina gardama da yaro a kan kalmomin kwamfuta ba.

Ɗan ƙanena yana gyaran kwamfuta a Damagaram, da yara uku masu koyon aiki a hannunsa. Da ya zo gida Babbar Salla, sai ya miƙo mini takarda, ya ce: "Baba, ku duba mini Hausar nan." Akwai wata manhaja da yake aiki da ita mai suna Nmap, wadda wani Ba'amurke, Gordon Lyon, ya fito da ita a 1997, kuma kyauta ake samunta. Aikinta shi ne ta bi kwamfutocin da aka haɗa, ta ƙwanƙwasa ƙofofinsu, ta faɗi waɗanda ke buɗe, don mai wuri ya rufe kafin ɓarawo ya gani. Lambobin ƙofofin sun kai 65,535, amma in ba a ba ta wani umarni ba, 1,000 da aka fi bi take dubawa. Kafin ta zauna cikin kwamfuta mai Windows takan yi ƴan tambayoyi da Ingilishi. Yaransa ba su jin Ingilishi, "to" kawai suke dannawa har a ƙare. Shi ya sa ya fassara musu tambayoyin a takarda.

Layi guda ya cinye mana yinin. Nmap tana tafe da wata ƙaramar manhaja, Npcap, mai ba kwamfuta damar sauraren saƙonnin da ke wucewa. Tana tambaya ko a taƙaita wannan dama ga wanda ake kira "administrateur" da Faransanci. Yaron nan ya rubuta: "Mahukunta kaɗai za su yi aiki da ita?" Na yi dariya har da tari. Na ce masa, ɗana, duk ɗan Nijar da ya karanta wannan, gwamna da ƴan sarki za su faɗo masa a rai, alhali mai riƙe da mabuɗin kwamfutar ake nufi, ko da telan unguwa ne.

Wannan kuskure mai sauƙi ne. Babban shi ne tambayar ba ta faɗi abin da zai biyo bayan amsa ba. Sai muka sake ta: "In ka sa alama a nan, mai mabuɗin wannan kwamfuta kaɗai zai iya sauraren abin da ke shiga da fita. In ba ka sa ba, duk wanda ya zauna gabanta zai iya." Ya ce ta yi tsawo. Na ce ka tuna buro ko kanti inda mutum biyar ke hawa kwamfuta guda, da lissafin maigida a ciki. Ban taɓa jin ɗan kasuwa ya yi kukan takardar bashi ta yi tsawo ba, in dai shi ke bin bashin.

Shi da kansa ya ba ni labarin da ya kayar da shi. A watan Disamba na 2011, Lyon ya gano cewa shafin Download.com na kamfanin CNET ya naɗe Nmap cikin wata riga tasa. Mutum ya danna yarda yana zaton Nmap ya amince wa, ashe ya amince a liƙa masa wata manhaja ta daban, a mayar da wurin bincikensa Bing, shafinsa na farko kuma MSN. Lyon ya yi ƙorafi a bainar jama'a, kamfanin ya ba da haƙuri, ya cire rigar. Masu ɗaukar Nmap mutane ne masu kula da tsaro, amma su aka ɗana wa tarko da ƴar kalmar yarda.

Na ƙara layi guda a saman takardar wanda babu shi a Ingilishin, ya ce wannan ba fassara ba ce. Gaskiyarsa. To amma maigadin da ke girgiza kwaɗunan shaguna a Kasuwar Dole da dare da ɓarawon da ke girgiza su, hannunsu iri ɗaya yake motsi. Izini ne ya raba su. Ƙasarmu kuwa tana da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, wadda ke hukunta shiga kwamfutar wani ta hanyar zamba. Ba na son yaron mutane ya tsaya gaban alƙali yana bayanin cewa ƙwanƙwasawa kawai ya yi. Layin ya ce kada a duba kwamfutar kowa sai da izinin mai ita a rubuce.

A kan kalmar "port" ma mun ja. Shi "tasha" yake so, ni "ƙofa". Girma ya ci, muka sa ƙofa. Bayan mako guda da komawarsa ya kira ni ta waya, ya ce ƙaramin yaron ya karanta takardar, ya tsaya bai danna ba, ya tambaye shi yadda ake rufe ƙofofin.